Daga Ɗakin Labarai Zuwa Horar Da Samari: Me Tsohuwar Maiduguri Za Ta Samu?

Tsohuwar Maiduguri, wadda aka fi sani da Old Maiduguri, tana cikin Ƙaramar Hukumar Jere ne a Jihar Barno. Ta girmi birnin da ya ɗauki sunanta, domin kuwa tana nan zaune tun kafin shekarar 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya kafa fadarsa a Yerwa. Da tafiya ta yi tafiya sai birni ya bunƙasa ya haɗiye ta, ta koma unguwa.

Tun daga rikicin Boko Haram na watan Yuli 2009, unguwar ta karɓi baƙi masu yawa waɗanda suka gudo daga garuruwansu, wasu suka raɓa a gidajen 'yan uwa, wasu kuma a sansanoni irin na El-Miskin. Yaran da aka zo da su a goye ko ana riƙe da hannunsu, yanzu sun zama samari da 'yan mata, kuma da dama daga cikinsu ba karatu mai zurfi, ba gona, ba jari. Ana cikin haka sai ga ambaliyar ran 10 ga watan Satumba 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa da yawa na Maiduguri da Jere.

Manema labarai ne suka kai wa duniya labarin waɗannan masifu. To, amma akwai waɗanda a cikinsu suka ga cewa ɗaukar rahoto kaɗai bai wadatar ba, suka juya ga aikin gina samari. Hanyoyi biyu suka bi, kuma kowacce tana da darasin da ya kamata a lura da shi.

Hanya ta farko ita ce ta shiga gwamnati. Malam Bolaji Abdullahi, mutumin Jihar Kwara, ya yi aiki da jaridar ThisDay kafin a naɗa shi Ministan Raya Matasa a shekarar 2011. Wanda masu sauraron rediyo a ƙasar Hausa suka fi sani kuwa shi ne Mista Sunday Dare, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya yi aiki da mujallun The News da Tempo a zamanin mulkin soja na Janar Sani Abacha, lokacin da ake buga su a ɓoye saboda farautar 'yan jarida da ake yi. Daga baya ya shugabanci Sashen Hausa na Muryar Amurka a birnin Washington. A watan Agusta 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi Ministan Matasa da Wasanni, ya riƙe muƙamin har zuwa watan Mayu 2023.

A zamaninsa ne, cikin shekarar 2020, Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa asusun ba matasa rancen jari na Naira miliyan dubu 75, wanda aka tsara za a raba cikin shekara uku ga masu shekara 18 zuwa 35. Kuɗi ne masu kauri, babu shakka. Sai dai ta intanet aka riƙa neman rancen, kuma sai mai asusun banki. Saurayin da ya baro ƙauyensu da rigar da ke wuyansa kawai, ba takardar shaida, ba waya mai kyau, da wuya ya iya ƙetare wannan shinge, alhali kuwa shi ne ya fi kowa bukata.

Hanya ta biyu ita ce wadda Malam Ahmad Salkida, ɗan asalin Jihar Barno, ya bi. Yana cikin manema labarai na farko da suka yi rubutu a kan Muhammad Yusuf da mabiyansa a Maiduguri, tun kafin abin ya zama yaƙi, kuma ya yi wa jaridar Daily Trust aiki. Wannan sani da ya yi wa ƙungiyar ya jawo masa wahala ba kaɗan ba. An tsare shi a lokacin rikicin 2009, a shekarar 2013 kuma ya bar ƙasar ya koma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A watan Agusta 2016 rundunar soja ta ba da sanarwar tana nemansa, ya dawo gida da ƙafarsa a watan Satumba, aka yi masa tambayoyi aka sake shi.

A shekarar 2020 ya kafa HumAngle, kafar labarai mai bin diddigin rikice-rikice da halin da waɗanda abin ya shafa suke ciki. Shi bai ajiye alƙalami ba, sai dai ya miƙa wa na baya irinsa. Kafar ta ɓullo da shiri na musamman inda ta riƙa ɗaukar samari da 'yan mata daga jihohin Barno da Adamawa da Yobe, ta horar da su na wasu watanni kan yadda za su bincika ayyukan da aka ce an yi wa jama'arsu: makarantar da aka ware wa kuɗi, an gina ta? Asibitin da aka buɗe, akwai magani a ciki? Wato dai ana koya wa ɗan unguwa ya tambayi hukuma da bakinsa, maimakon ya jira baƙo daga Abuja ko Ikko ya zo ya yi masa tambayar.

Abin da ya sa ɗan jarida ya dace da irin wannan aiki a fili yake. Ya saba shiga lungu, ya saba sauraron talaka, ya kuma san cewa adadin da aka karanta a wajen bikin ƙaddamarwa ba lallai ne ya yi daidai da abin da ya isa hannun mutane ba. Shirye-shiryen tallafa wa matasa kuwa a nan ne suka fi rauni. Ana raba kekunan ɗinki da injinan niƙa a ɗauki hoto, amma ba kasafai ake komawa bayan shekara guda a ƙidaya nawa ne ke aiki, nawa ne aka kai kasuwa aka sayar don a ci abinci ba.

Jihar Barno ta ɗanɗana wannan al'amari. A shekarar 2013, da samarin Maiduguri suka tashi da sanduna suka kori 'yan Boko Haram daga unguwanninsu, aka sa musu suna 'yan kato da gora, gwamnatin Alhaji Kashim Shettima ta kafa shirin BOYES don ta horar da wasunsu tana biyansu alawus a kowane wata. Shirin ya taimaka wajen tsaro, amma waɗanda aka ɗauka ba su kai yawan waɗanda suka fito ba, kuma alawus ba ya maye gurbin sana'a.

Akwai kuma haɗarin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Ɗan jaridar da ya koma mai rabon tallafi ya tashi daga mai tambaya ya zama wanda ake tambaya. Idan kuɗin gwamnati ko na ƙungiyoyin ƙasashen waje ne ke riƙe da aikinsa, bakinsa na iya yin nauyi a kan waɗanda ke ba shi, tun da Hausawa sun ce bakin da ya ci shi ke godiya. Don haka wajibi ne tsofaffin abokan aikinsa su auna shi da mudun da ya auna wasu, ba sani ba sabo.

Ga masu niyyar bin wannan hanya daga cikin ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Maiduguri da sauran makarantu, aikin da ke jiransu a Tsohuwar Maiduguri ba boyayye ba ne. Ana bukatar a san yawan samarin da ba su da takardar shaidar ɗan ƙasa a taimaka musu su samu, a yi musu bayanin shirye-shiryen gwamnati da Kanuri da Hausa, a haɗa su da masu sana'a na unguwa, kafintoci da makanikai da teloli, sannan a buga sakamakon kowace shekara, mai daɗi da marar daɗi, don jama'a su gani su yi hukunci.