KURUMTA MAI TSANANI: YADDA AKE ZAƁEN NA'URAR ƘARA JI DA MATOSHINTA

Da wuya ka shiga ƙauye ba ka tarar da wanda kunnensa ya yi nauyi ba. Wani sanƙarau ne ya bar shi haka, wani ƙyanda ko hangum, wani ciwon kunne mai fidda mugunya da aka yi sakaci da shi, wani kuwa shekara da shekaru yana aiki a gindin injin niƙa. Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau. An fara allurar rigakafin wani irinsa a shekarar 2010, amma wani irin ya sake ɓarkewa a 2015, musamman a Yamai da Doso. Cikin waɗanda suka tashi daga wannan ciwo akwai yara da yawa da suka rasa ji.

Akwai na'urar da ke taimakon irin waɗannan mutane. Amma mai kurumta mai tsanani ba kowace na'ura ce za ta amfane shi ba. Kuma ko ya samu mai ƙarfi, in matoshinta bai dace da kunnensa ba, kuɗinsa sun tafi a banza.

A FARA DA AWO

Likita yana auna ji da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu da ke zaune a tabarma ɗaya takan kai wajen desibel 60. A rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, wanda ba ya fara jin sauti sai ya kai desibel 65 zuwa 80, kurumtarsa mai tsanani ce. Wanda ya wuce 80 kuwa, tasa ta yi zurfi ƙwarai. Ke nan irin wannan mutum ana magana a gabansa, shi leɓe kawai yake gani yana motsi.

Awon ba shi da zafi. Ana sa wa mutum abin saurare a kunne, a riƙa aiko masa da sauti siriri da mai kauri, in ya ji ya ɗaga hannu. Kowane kunne da nasa awo. Kafin nan likita zai leƙa kunnen. In datti ya toshe shi a fitar, in yana fidda ruwa a yi magani tukuna. Ku fara daga gidan likita na kusa da ku, su za su tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Takardar awon nan ku adana ta kamar takardar gona, domin da ita ake saita na'ura.

WACE NA'URA ZA A ZAƁA?

Na'urar ƙara ji abu uku ne a haɗe: ɗan makirfo mai ɗaukar magana, abin da ke ƙara mata ƙarfi, da ƴar lasifika mai zuba ta cikin kunne. Akwai ƙanana masu shigewa cikin ramin kunne har ba a ganinsu. Mutane suna son su saboda kunya, amma yawancinsu ba su da ƙarfin da mai kurumta mai tsanani yake bukata. Wadda ta dace da shi ita ce babba mai ratayuwa a bayan kunne. Lasifikarta ta fi girma, pil ɗinta ya fi daɗewa, kuma ta fi sauƙin kamawa ga tsofaffi.

Kada a sayi ta kasuwa wadda ke kan tebur tare da tocila da agogo. Ita komai take ƙara wa ƙarfi, har kukan jaki da ƙarar babur, maganar kuwa ba ta fita. Ta gaskiya, ma'aikacin lafiya ne yake saita ta bisa takardar awonka, ya ƙara sautin da ka rasa, ya kuma sa mata iyaka don kada ƙara ta yi wa sauran jinka lahani. In kunnuwa biyu ne suka lalace kuma da hali, na'ura biyu ta fi ɗaya. Mutum zai gane ta wane gefe ake kiransa, ko ta ina mota take tahowa.

MATOSHI SHI NE RABIN AIKI

Matoshi wani abu ne da ake yi daidai da surar kunnen mutum, ƴar tiyo tana haɗa shi da na'urar. Masu noman rani sun san wannan magana: ko injin ban ruwa ya kai ƙarfin me, in tiyo ta huje ruwa ba ya isa fangali. Haka sauti yake. In matoshi ya yi sako-sako, sautin sai ya zurare ya koma cikin makirfo, na'urar ta kama fito, kamar yadda lasifikar biki take yi in an kusanto mata da makirfo. Mai ita sai ya rage ƙarfinta don fiton ya tsaya, daga nan kuma ya daina ji.

Ga yadda ake yin sa. Ma'aikaci zai sa ɗan auduga mai zare cikin ramin kunne don ya tsare dodon kunne. Sannan ya zuba wani abu mai laushi kamar ƙullu. Bayan ƴan mintoci ya daskare, a zaro shi da surar kunnen. Da wannan sura ake yin matoshi. Ga mai kurumta mai tsanani, a nemi na roba mai laushi wanda ke cika kwanon kunne duka, domin ya fi rufewa. Ana yi wa wasu matosai ƴar ƙofar iska, amma ga na'ura mai ƙarfi ƙofar sai ta zama ƴar mitsitsiya, ko ma babu.

Kada a ari matoshin wani, kunnuwa ba su zama ɗaya. In sabo ya yi maka rauni, ka mayar a goge wurin. Yaro kuwa kunnensa girma yake yi, saboda haka jariri yakan bukaci sabo bayan ƴan watanni. Fito shi ne alamar lokaci ya yi.

PIL DA KULAWA

Kafin ka biya kuɗi, tambayi inda za ka riƙa samun pil. Manyan na'urori suna cin mai lamba 675, mai shuɗiyar takarda a baya, wasu kuma lamba 13 mai ruwan lemu. Lamba 675 yakan yi wajen mako biyu. Kada a ɓare takardar sai za a yi aiki da shi, don da zarar iska ta shiga ya fara ƙarewa. Akwai kuma masu caji, har da hasken rana. A ɓoye pil daga yara, haɗiye shi haɗari ne babba.

Gumi, ƙura da zafin rana su ne abokan gabar na'ura. Cire ta in za ka yi wanka ko alwala, ko sussuka da shiƙa. Da dare a buɗe ƙofar pil, a sa ta cikin gwangwani mai murfi, nesa da murhu. Matoshi kawai ake wankewa da sabulu, bayan an raba shi da na'urar, kuma sai ya bushe sarai a mayar. Tiyo in ta yi tauri ko ta tsage, a canja ta.

A YI HAƘURI DA ITA

Na'ura ba ta mayar da kunne sabo. A kwanakin farko sauti zai yi wa mutum baƙo. Ya fara sa ta cikin gida, yana ƙara lokaci kullum. Mutanen gida su fuskance shi in za su yi magana, a wuri mai haske, a hankali, ban da ihu.

Yaron da ya tashi daga sanƙarau, a kai shi awon ji da wuri, kada a jira kaka. Shekarun farko ne yaro yake koyon magana, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In na'ura ba ta wadatar ba, akwai maganar hannu, akwai makarantar kurame a Yamai. Kurma yana noma, yana kiwo, yana karatu kamar kowa.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabta wannan takarda. Wanda ba ya jin rediyo, ta hannunku labarin zai isa gare shi. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.