Turin Mota a Hanyoyin Gobir: Dalilinsa, Sharuɗɗansa da Iyakarsa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Goronyo ta kai Sabon Birni, sa'an nan ta karkata zuwa Isa da Shinkafi, ko kuwa ya taɓa yin sammako a tashar ɗaya daga cikin garuruwan nan a kwanakin hunturu, sa'ad da aka gama ɗaure kaya ana jiran fasinja na ƙarshe, to, ba sai an siffanta masa yadda direba kan murɗa makulli ya ji ɗan ƙas-ƙas kurum, ya sake murɗawa ya ji shiru, daga nan ya leƙo ta taga ya ce, "Jama'a, don Allah a taimaka mana da turi" ba. Al'amarin ya zama ruwan dare, har babu mai tsayawa ya tambayi illar da ta sa motar da ta ƙi tashi da makulli take tashi da ƙarfin mutum huɗu, alhali kuwa a cikin amsar wannan mas'ala akwai ilmi mai amfani ga direba da fasinja baki ɗaya, musamman a ƙasar da tsayuwar mota a daji ta daina zama ɓata lokaci kaɗai.

Asalin maganar shi ne, inji duk ƙarfinsa ba ya iya fara motsa kansa. Aikinsa a kan matakai huɗu yake, bisa tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya daidaita a 1876: fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta su ingiza shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. A cikin huɗun nan na uku ne kaɗai ke haifar da ƙarfi, kuma ba a isa gare shi sai an wuce biyun farko, saboda haka ala tilas wani abu daga waje ya fara juya injin kafin shi ya karɓi aikin. A zamanin farko hannun mutum ne ke yin wannan hidima, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaban mota a yi ta juyawa, kuma dattawan direbobi har yau suna tuna shi a jikin tsofaffin Land Rover, suna kuma tuna yadda yakan ƙwace ya dawo da baya ya karya wa mutum hannu. Batir mai farantan dalma da asid, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago a 1859, wato kusan zamanin da Ɗan Halima ke kafa Sabon Birni, shi ya buɗe ƙofar sauƙi, har a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki bisa ƙirar Charles Kettering. Kik ba kome ba ne face ɗan inji na lantarki mai haƙora, wanda ke cafke babban faifan ƙarfen da ke bayan inji ya juya shi na daƙiƙa biyu ko uku, ya saki.

To, batir yana da wazifa biyu a lokacin tayar da mota, ɗaya mai nauyi, ɗaya mai sauƙi, kuma a cikin bambancinsu sirrin turi yake. Mai nauyin ita ce ciyar da kik, wanda a ƙaramar motar fetur yakan zuƙi wuta fiye da amfiya 100 a lokaci guda; mai sauƙin kuwa ita ce ciyar da fulogi da famfon mai da ƙwaƙwalwar mota, waɗanda gaba ɗayansu abin da suke bukata bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Lafiyayyen batir mai ɗakuna 6, idan ya cika, yana nuna bolt 12.6 a kan ma'auni. Idan ya yi rauni sai ya gaza ɗaukar wazifa ta farko, amma galibi akan sami sauran numfashi da zai ɗauki ta biyu. Masu turi suna maye gurbin kik ne kaɗai. Ƙarfin da inji ya saba aikawa ta kuloci da giya zuwa tayoyi, shi ne ake juyo da shi ta baya, tayoyi su juya giya, giya ta juya inji, ragowar wutar batir ta ba da tartsatsi, sai a ji mota ta yi tari ta kama.

Kaifiyyar aikin sananniya ce, amma ana yawan ɓata ta ta wajen tertibi. Direba zai murɗa makulli har fitilun gaban sitiyari su kama, domin in makulli yana kashe, ko an tura motar daga Isa har Shinkafi ba za ta tashi ba, kuma sitiyari na iya kullewa a hannunsa tana cikin tafiya. Zai kashe fitilu da rediyo da fanka, ya zare wayoyin da fasinjoji suka jona caji, ya taka kuloci har ƙasa, ya sa lamba biyu, ya sauke hambirki. Ba zai yi gaggawa ba sai motar ta kai saurin sassarfar mutum, misalin kilomita 10 a awa, sa'an nan ya saki kuloci da hanzari, yana ɗan taɓa totur. Da zarar inji ya kama sai ya sake taka kuloci nan take, don kada motar ta zabura ko ta shaƙe ta mutu. Masu turi kan yi masa ihu, "Saki, direba, saki!" tun ba a kai ko'ina ba, saboda gajiya, kuma wanda ya biye musu yakan sa su yi aikin sau biyu.

Zaɓen lamba biyu ba al'ada ce kurum ba, hisabi ne. A lamba ɗaya, a yawancin ƙananan motoci, duk juyi guda na taya yana tilasta wa inji juyi wajen 14. A lamba biyu kuwa wajen 8. Juyi 14 nauyi ne da ya fi ƙarfin riƙon da taya ke yi wa ƙasa, saboda haka maimakon taya ta juya inji, sai injin ya daskarar da taya, ta ja ƙasa ƙiii, masu turi su gwara ƙirji a jikin but. Juyi 8 kuwa ya wadatar, har da rara, domin a saurin sassarfa yakan kai inji juyi 700 a minti ɗaya, alhali kik da kansa bai cika wuce 200 ko 300 ba. A nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo cikin hukuncin. Ƙasar Gobir ta wannan sashe shimfiɗaɗɗiya ce, gangare ya yi ƙaranci, kuma da an sauka daga kwalta, rairayi ne a tudu, laka ce a fadamun Rima da Bunsuru da damina. A kan rairayi kuwa taya ba ta da abin riƙo, don haka wajibi ne a fara fitar da motar zuwa tsandauri ko kwalta, in kuma ta ci gaba da jan ƙasa a gwada lamba uku da ƙarin sauri. Akwai kuma wani bambanci da ba kowa ke lura da shi ba. Peugeot 504 da a-kori-kura 404, irin waɗanda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika hanyoyin Arewa da su, da tayoyin baya suke ja, saboda haka buhunan gero a bayansu taimako ne, suna danne taya ta kama ƙasa. Golf kuwa, wadda ta gaje su a tashoshinmu, da tayoyin gaba take ja, kuma idan aka danƙara mata kaya a but har gabanta ya ɗaga, an rage mata riƙo ke nan a daidai inda ake bukatarsa.

Akwai wuraren da turi ba ya fa'ida, ko kuma fa'idarsa kaɗan ce, kuma sanin su yana hutar da bayin Allah. Na farko, batirin da ya mutu murus, wanda ko ɗigon haske ba ya nunawa a gaban sitiyari: altaneta, wadda ke samar da wuta idan inji na aiki, ita kanta tana bukatar 'yar wuta daga batir kafin maganaɗisunta ya farka, kuma motocin yanzu masu famfon mai na lantarki ba sa aika ko ɗigon fetur sai da wuta. Irin wannan sai a jona mata wani batir. Na biyu, mota otomatik, domin a cikinta babu farantin kuloci da ke haɗa inji da giya kai tsaye. Mai ne ke ɗaukar ƙarfin, famfon da ke matsa man kuwa inji ne ke juya shi, don haka muddin inji na kwance babu abin da ke sadar da tayoyi da shi. Na uku, motar dizal, wadda ba ta da fulogin tartsatsi, sai dai ta matse iska matsa mai tsanani, kusan ninki biyu na motar fetur, har zafin matsar ya kunna man. Ƙaramarta kan tashi da ƙyar, babbar kuwa sai gangare mai tsawo ko wata motar ta ja ta, shi ya sa direbobin manyan motoci ke neman ɗan tudu su kwana a kansa, yaron mota ya sa weji. Bayan waɗannan, in an tura sau biyu ko uku inji na juyawa bai kama ba, to, cutar ba ta batir ba ce, kuma nacewa ɓarna ce, domin ɗanyen fetur yana taruwa a salansa ya lalata matatar hayaƙin da ke cikinta, fizgar kuma tana iya sa tsohon bel ɗin da ke daidaita lokutan inji ya tsallake haƙori.

Haɗarin da ya fi waɗannan girma a kan rayuka yake. Birkin ƙafa da sitiyarin motocin zamani suna samun agaji daga inji, saboda haka kafin ya tashi birki yakan yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi, kuma direban da ya saki motarsa a gangaren gada bisa zaton zai tsayar da ita yadda ya saba, ya yi kuskuren lissafi. Bai halatta a bar yara su shiga cikin masu turi ba, ko wani ya tura ta jikin ƙofa a gaban tayar baya, inda in santsi ya kwashe shi ƙarƙashinta zai faɗa. Mai babbar riga ma ya tattare ta tukuna. Direba kuma, in motar ta tashi, ya sa ta firi ya tsaya ya jira mutanensa da inji a kunne, ya yi musu godiya, kada ya gaskata karin maganar nan da 'yan siyasa suka mayar tasu, ta motar da aka tura ta tashi ta baɗe masu turi da ƙura. Taimakon mutum a kan abin hawansa yana cikin ayyukan da hadisi ingantacce ya lissafa a matsayin sadaka, kuma mutanen Gobir ba su taɓa yin rowarsa ba.

Sai dai a ganina hukuncin turi hukuncin taimama ne: rangwame ne da larura ta kawo, yana da sharuɗɗa, kuma yana faɗuwa da zarar an sami ruwa. Abin da ke faruwa a tashoshi da yawa shi ne an mai da rangwamen ya zama asali, mai mota ya san batirinsa ya ƙare tun bara, amma ya gwammace ya riƙa cin bashin ƙarfin fasinjojin da suka biya shi kuɗi. Ba na musun uzurinsa, domin batir ya yi tsada, kuma yanayinmu maƙiyinsa ne. Mutane suna ɗora laifin a kan sanyin hunturu saboda a lokacin ne mota ke ƙin tashi, alhali zafin bazara ne, wanda a watan Afrilu ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, ke ƙafar da ruwan batir ya cinye farantansa. Hunturu yana zuwa ne kawai ya tona asirin ɓarnar da aka riga aka yi. A kan wannan ga girgizar ramuka da ke kakkaɓe farantai, ga kan batir da ke yin farin gari ya saki, ga fambel da ke sassautawa har altaneta ta daina caji sosai. Da yawa daga cikin waɗannan gyaransu bai kai kuɗin mai na jigila guda ba: a wanke kan batir a ɗaure, a ja fambel, in ruwa ya ragu a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, ba asid ba kuma ba ruwan rijiya ba, sa'an nan mai gyaran waya ya ɗora ma'auni ya tabbatar altaneta na ba da bolt 14 ko kusa da haka idan inji na aiki.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan wannan batu kowa a ƙasar nan ya san shi. Hanyar dajin Gundumi, wadda a da ita ce yanke tsakanin Isa da Sakkwato, matafiya sun daɗe suna ƙaurace mata saboda 'yan bindiga. A 2021 hukuma ta kai ga katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, ta yadda wanda motarsa ta mutu ba shi da halin kiran makanike. Kuma a watan Disamba na shekarar aka ƙone matafiya a cikin motarsu a ƙasar Sabon Birni, Allah ya jiƙansu da rahama. A irin wannan hanya, motar da ba ta tashi sai an sauke fasinjoji sun nemi tsandauri sun tura, amana ce da aka yi sakaci da ita, kuma shugabannin ƙungiyar direbobi, waɗanda ke da ikon hana mota lodi a kan kuɗin tikiti, suna da ikon hana ta lodi sai ta tashi da makulli a gabansu.

Wanda larura ta sa ya tayar da motarsa da turi, kada ya kashe ta sai ta yi tafiyar aƙalla rabin awa, kuma ya sani wannan ma ba ya cika batirin da ya zube ƙwarai, sai an kai shi caji. Ya kuma guji dabarar nan da ta yaɗu a garejoji, ta tayar da mota da batirin aro sa'an nan a zare shi inji na aiki a mayar da matacce. Tsofaffin motoci masu kafireta sukan jure ta, amma a motocin zamani, batir shi ne ke shanye hauhawar wutar altaneta, kuma a 'yan daƙiƙun da aka raba shi da mota wutar kan yi tsalle ta ƙone ƙwaƙwalwar injin, wadda kuɗinta ya ninka na sabon batir, kuma galibi sai an aika Sakkwato ko Kano kafin a samo ta.