Ranar da Landan ta ɗanɗani zafin Sakkwato

Mutumin Sakkwato ko Maraɗi da ya ji an ce zafi ya kai digiri 40 a Landan, murmushi kawai zai yi, don shi da wannan zafin sun saba duk bazara. Amma a Birtaniya ba a taɓa auna irinsa ba sai ranar 19 ga Yuli, 2022, lokacin da ma'aunin filin jirgin saman Heathrow ya nuna 40.2. A ranar, gobara ta bi busasshiyar ciyawa ta cinye gidaje a ƙauyen Wennington da ke gabashin birnin, har magajin gari Sadiq Khan ya ce rabon 'yan kwana-kwana da yin aiki irin na wannan yini tun Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ya sa 40 ɗin Landan ya fi namu haɗari shi ne, don sanyi aka gina birnin. Gidajen an tsara su ne su riƙe ɗumi, babu zaure, babu inuwar tsakar gida, kuma akasarinsu ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Kwalta da kankare su sha rana su yi ta amayar da zafi cikin dare, tsofaffi da masu ciwon zuciya su kasa samun sa'ida. Hatta jiragen ƙasa sai da aka dakatar da wasu, don ƙarfen dogo na lanƙwashewa.

Tushen matsalar ƙona kwal da man fetur da gas ne. Iskar kabon da ke fita daga cikinsu tana tare zafin da ya kamata ya koma sararin samaniya. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 take cikin miliyan ɗaya na iskar da muke shaƙa, yanzu ta haura 420. Landan kuwa da hannunta dumu-dumu: a unguwar Holborn aka kunna tashar lantarki mai aiki da kwal tun 1882. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya turnuƙe birnin ya kashe dubban mutane, aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Wancan hayaƙi ido na ganinsa, shi ya sa aka yi maganinsa da wuri. Kabon ba a ganinta, kuma takan yi ɗaruruwan shekaru a sama. Sai a Satumbar 2024 Birtaniya ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal.

Ga kuma ruwa. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima, in ta tashi saukewa sai ta juye gaba ɗaya. A Yulin 2021 mamakon ruwa ya fi ƙarfin magudanan birnin, waɗanda da yawansu tun ƙarni na 19 aka gina, ya malale tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya shiga asibitoci da ɗakunan da ke ƙasan gidaje.

Daga gabas kuma teku ce ke ƙara tasowa. Bayan ambaliyar 1953, wadda ta kashe mutum fiye da 300 a Ingila, aka gina katafaren shingen ƙarfe a kan kogin Thames kusa da Woolwich, ya fara aiki a 1982. A shekarunsa na farko jefi-jefi ake rufe shi. A hunturun 2013 zuwa 2014 kaɗai, sau 50 aka rufe ƙofofinsa.