Tambarin Gargaɗin da Ba Ya Isowa Dogondutsi

Wanda ya taɓa riƙe faifan mawaƙin Amurka zai tuna wani ɗan tambari baƙi da fari a gindin bango, an rubuta Parental Advisory. Nufinsa iyaye su yi hattara, akwai batsa, ashar ko zancen kisa da ƙwaya a ciki. A manhajoji irin su Spotify da Apple Music, harafin E kawai ake liƙawa gefen sunan waƙa. Da yawa suna zaton wata hukuma ce ke zama ta saurari kowace waƙa ta buga mata hatimi. Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne za a gane dalilin da ya sa tambarin bai tsinana wa uwa a Tibiri ko Matankari komai ba.

Maganar ta taso ne a 1985. Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, ta ji kalaman waƙar Darling Nikki ta Prince a faifan da ta sayo wa ɗiyarta, ranta ya ɓaci. Ita da wasu matan manyan Washington suka kafa ƙungiyar PMRC, suka fitar da jerin waƙoƙi 15 da suke ganin sun fi muni. A watan Satumba na shekarar wani kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zama, mawaƙa Frank Zappa, John Denver da Dee Snider suka je suka soki shirin. Ba a kafa doka ba. Ƙungiyar kamfanonin faifai, RIAA, ita ta yarda a riƙa sa gargaɗi bisa raɗin kai, a 1990 kuma aka tsayar da tambari guda. Har yau mawaƙi da kamfaninsa ne ke yanke shawarar a sa ko a bari. A intanet ma haka: lokacin ɗora waƙa ana tambayar mai ita ko akwai kalaman da ba su dace da yara ba, ya danna amsa da hannunsa. Abin da ya ba tambarin haƙora shi ne bakin ƙofa. Kantunan Walmart sun ƙi sayar da faifai mai tambarin, dole kamfanoni suka riƙa fitar da kwafi na biyu da aka goge ashar. Manhaja kuma tana da maɓallin da uba zai danna duk waƙa mai E ta daina fitowa.

To ina ƙofar take a Arewa? Waƙa tana fitowa daga Kano ko Yamai, ta iso rumfar mai cajin salula a tashar Dogondutsi ta Nijar. Yaro ya miƙa katin memori da ƴan daloli, a cika masa. Daga nan Xender da Bluetooth da WhatsApp su watsa ta, har ta kai lasifikar ɗan kabu-kabu da gidan buki a Koré Mairuwa. A wannan tafiya bango ya faɗi, sau da yawa sunan mawaƙin ma ya ɓace, sai lamba ta rage. Harafin Turanci da aka liƙa a manhajar da mai sauraro bai taɓa buɗewa ba, bai gargaɗi kowa ba. Ga kuma wata matsalar da ta fi wannan zurfi: batsar Hausa ba kasafai take fitowa tsirara ba. Habaici ne, da zaurance, da kalmar da ke nufin tukunya a kunnen yaro tana nufin wani abu a kunnen babba. Jerin kalmomin ashar ba zai kama ta ba. Sai wanda ya san harshen, kuma babu wanda ya san nufin waƙa kamar wanda ya rera ta.

Bahaushe bai taɓa rasa irin waɗannan waƙoƙi ba, gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Ƴan gambara sun yi nasu a kasuwa, mata sun yi amada a cikin gida tsakaninsu. Amma wuri da lokaci su ne suke zama gargaɗi: an san inda ake korar yara. Salula ce ta rushe wannan katanga.

Wani zai ce hani ya fi sauƙi. An gwada. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifan Bahaushiya da ya fita ba tare da tacewa ba. A 2009 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta waƙoƙi 11. A 2022 hukumar NBC mai kula da kafafen watsa labarai a Najeriya ta hana gidajen rediyo da talabijin sa waƙar Warr ta Ado Gwanja. Ikon waɗannan hukumomi ya tsaya a iyakar Najeriya, amma waƙa ba ta tsayawa a kwastan, kuma jin an hana abu shi ke sa matashi nemansa. Wannan suka, lalle, ta shafi tambarin ma, domin a Amurka wasu matasa sun mayar da shi alamar faifan da ya kamata a saya. Sai dai tambari ba ya da'awar hana kowa. Aikinsa ya sanar da mai gida abin da ke shigowa gidansa kafin ya shigo.

Shi ya sa nake ganin gargaɗin da zai yi aiki a Arewa sai ya kasance da Hausa, kuma da murya, tunda ba kowane uba ke karanta boko ba. Mawaƙi ya faɗa a daƙiƙun farko na waƙar cewa ta manya ce, yadda duk inda aka tura ta gargaɗin zai bi ta. Masu tura waƙa a tasha da kasuwa su ware irin waɗannan a jaka daban, kada su zuba su a katin yaron da aka aiko da salular uwarsa. Mai kiɗan buki da mai shiri a rediyon gari su ma za su san wadda za su ajiye har sai yara sun watse.