WASA A WURIN AIKI DA HUKUNCINSA

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima cikin 1984, ma'aikata na kabila iri iri su ke cuɗanya a wannan yanki, daga Goronyo har Wurno da Rabah. Inda mutane suka taru kuwa ba a rasa raha. Bagobiri ya kan tsokani Bayarabe, Bafillace ya zolayi Babarbare, a yi dariya a watse, gama wasa ne da aka gada, kowa ya san iyakarsa.

Amma akwai maganar da ba ta cikin wasa, watau ba'a ga addinin mutum, ko asalin iyayensa, ko nakasar jikinsa, ko kuwa batsa a gaban mata. Wanda ya yi haka ba shi da mafaka a cewa wasa ya ke yi. Magana zarar bunu ce, tana iya raba magidanci da abincin iyalinsa.

MUDU ƊAYA GA KOWA

Ga misali. Leburori biyu sun faɗi magana iri ɗaya. Na fari ɗan'uwan shugaba ne, aka yi murmushi aka ƙyale shi. Na biyu baƙo ne, aka kore shi ran nan. Wannan hukuncin 'yan mowa da 'yan bora ne. Illarsa biyu ce: an zalunci wanda aka kora, sauran ma'aikata kuma sun koyi cewa sanayya ta fi ladabi amfani. Tsarin Mulki na 1999, sashi na 42, ya hana hukuma bambanta mutane saboda kabila ko addini.

YADDA YA KAMATA A BI

Da fari a rubuta dokokin wurin aiki, a karanta wa kowa da harshen da ya ke ji. In an kawo ƙara, a ba mai laifi takardar neman bahasi, a saurari bakinsa da na shaidu. Laifin fari gargaɗi ne, in ya sake a dakatar da shi, kora ita ce ƙarshe, sai fa in laifin ya yi muni ƙwarai.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta yanka wa'adin sanarwa kafin a sallami lebura ko akawu: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye.

Wanda ya ga an kore shi bisa son kai, ya adana takardunsa duka, ya kai kuka ga ƙungiyar ma'aikatansu. In abin ya gagara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya danƙa wa shari'ar irin waɗannan al'amura.

Ma'aikaci ya tsare harshensa, shugaba kuwa ya tsare mudunsa.