ASMA: CUTAR DA AIKI KE IYA KAWOWA

Bayan an kai damma gida, aikin ƙura ya soma. Mata na sussuka da shiƙa. Masu injin niƙa na wuni cikin garin hatsi. Wasu daga cikinsu, in dare ya yi, ba su iya kwana. Ƙirji ya matse, numfashi na shewa, tari ya ƙi ƙarewa. Wannan cuta ita ce asma, wadda wasu ke ce ma fuka.

Mi ne ne asma?

Cikin huhu akwai ƙananan hanyoyi da iska ke bi. Ga mai asma, hanyoyin na kumbura, su ƙuntace, majina ta cika su. Sai iska ya riƙa fita da wuya. Asma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ana iya ci ƙwarya ɗaya da mai ita ba tare da tsoro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke da asma. Masana sun gano cewa cikin manya 6 masu ita, kusan 1 wurin aiki ya samo ta.

Ba yau aka san haka ba. Tun shekarar 1700 wani lokotoro na ƙasar Italiya, Bernardino Ramazini, ya rubuta yadda ƙura ke cutar masu niƙa da masu burodi. Ya gargaɗi lokotoroci su riƙa tambayar maras lafiya aikin da yake yi.

Hanya biyu

Ta farko: mutum na da lafiya tai, ya shiga aiki, ya yi watanni ko shekaru yana shaƙar abu guda. Wata rana jiki ya ƙi abin. Daga nan, ko kaɗan ya shaƙa, cutar ta tashi.

Ta biyu: mutum na da asma tun da daɗewa. Aikin bai kawo ta ba, amma ƙura da hayaƙi na tada ta.

Su wa ne ne abin ya fi shafa?

Masu niƙa da masu gidan burodi, saboda gari. Masu sussuka da masu shiga rumbu, saboda ƙaiƙayi da hatsin da ya yi funfuna. Masu gurzar auduga. Masu kiwon kaji. Kafintoci, saboda garin katako. Majema, kamar na Damagaram da Maraɗi. Masu fentin mota da masu walda. Magina, saboda ƙurar siminti. Masu feshin maganin ƙwari. Mata masu tuya da dafuwa cikin hayaƙi.

Yaya ake gane ta?

Tambaya guda ta fi kowace amfani: numfashi na sauƙi ran da ba a je aiki ba? In mai niƙa ya yi tafiyar sati guda ya ji sakayau, ya komo aiki cutar ta komo, to a tuhumci aikin. A lura: wani lokaci ba ta tashi nan take, sai cikin dare. Shi ya sa da yawa ke aza laifin ga sanyi. Atishawa, yoyon hanci da ƙaiƙayin ido wurin aiki sukan riga asma zuwa.

Wanda ya koyi rubutu ya samu makami. Ya ɗauki takarda, kullum ya rubuta aikin da ya yi, da lokacin da ƙirji ya matse. Ya kai ma ma'aikacin lafiya. A manyan asibitoci akwai na'urar da ake hurawa don awon ƙarfin numfashi. Akwai kuma ƙarama da ake zuwa gida da ita: a hura sau 4 a wuni, a rubuta, ranakun aiki da ranakun hutu, har sati 3 ko 4.

Tarin da ya wuce sati 2, ga rama, ga zufar dare ko jini cikin majina, yana iya zama tarin tibi. A tafi a gwada majina ba da jinkiri ba.

Magani

Maganin shaƙa iri biyu ne. Salbutamol, mai shuɗin kwano, na buɗe hanyar iska cikin ƴan mintoci, amma ba ya kwantar da kumburi. Beklometazon shi ke kwantar da kumburi. Ana shaƙar shi kullum, ko da an ji lafiya, sannan a kurkure baki. Mai dogara ga shuɗin kaɗai na cikin haɗari. Ma'aikacin lafiya zai nuna yadda ake shaƙa. Kar a sayi ƙwaya ga masu talla cikin kasuwa: asfirin ma na tada asma ga wasu.

In mutum ya kasa ƙare magana don haki, ko leɓonsa ya sake launi, ko maganin bai yi aiki ba, a zaunar da shi, kar a kwantar da shi, a kai shi likita nan take. Asma na kisa.

Gyaran wurin aiki

A buɗe tagogi gaba da baya a ɗakin injin. A yayyafa ruwa kafin shara. Mai shiƙa ta ba iska baya. A shanya hatsi ya bushe sarai kafin a sa rumbu. A yi fenti da feshi a fili. A bar shan taba. Rawani ko ƙyalle na tare babbar ƙura, amma ƙananar na ratsa shi.

In aikin ne ya haifar da cutar, babban magani shi ne rabuwa da abin da ke tada ta. Wanda ya rabu da shi da wuri ya fi samun sauƙi, wani ma ya warke. Wanda ya yi shekaru yana daurewa, cutar na iya zaune mai har bayan ya bar aikin. Amma kar a bar sana'a kafin lokotoro ya tabbatar, don iyali na jiran tuwo. Sau da yawa musayar aiki ta isa: mai niƙa ya koma karɓar kuɗi waje, wani ya riƙe injin. Ma'aikacin da aka rubuta a asusun CNSS ya kai takardun likita can, ya tambayi haƙƙinsa.

A karanta wannan a makarantar yaƙi da jahilci, a bayyana ma waɗanda ba su zo ba. Rigakafi ya fi magani.