Gaskiya da Ƙarya a Gyaran Tsohuwar Fijo

Duk wanda ya ajiye tsohuwar Peugeot 504 a ƙofar gida, yana buɗe bonet ranar Asabar da sifana a hannu, ba ya rasa malamai. Maƙwabci zai tsaya ya faɗi tasa, tsohon direban tasha ya faɗi tasa, yaron gareji da ya zo wucewa ma ya tofa albarkacin bakinsa. Hujjar kowa kuma ɗaya ce: “Haka muka yi wa tamu shekara da shekaru, ba abin da ya same ta.”

Wannan hujjar ce ya kamata a fara tuhuma. Motar ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna. An ci gaba da haɗa 504 a can har 2006, fiye da shekara ashirin bayan an daina ƙera salun ɗinta a Faransa. Mota ce da aka gina ta da ƙwari, tana shanye wulaƙancin da zai kwantar da motar zamani cikin mako guda, kuma wannan haƙurin nata ne ke rufa wa muguwar shawara asiri. Illar da aka yi mata bana ba ta fitowa sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, lokacin an manta wanda ya ba da shawarar, sai a ɗora wa tsufa laifi. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, kusan kowace irin maganar nan tana da ɗan guntun gaskiya a cikinta.

Wadda ta fi yawo ita ce ta tamostat. Ana cewa na ƙasashen sanyi ne, a nan kuwa hana ruwa gudu kawai yake yi, don haka a cire a yar. Makanikai da yawa ko tambayar mai mota ba sa yi. Guntun gaskiyar shi ne, idan tamostat ya lalace ya maƙale a rufe, ruwa ba zai kai ga lagireto ba, inji kuwa zai tafasa nan da nan; wanda ya cire shi a bakin hanya don ya isa gida ya yi daidai. Kuskuren yana wajen barin gurbin a wofi har abada. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, wajen digiri 80, sannan ya buɗe. Inji na son wannan zafin. A kansa aka auna tazarar fistin da ringi, a kansa fetur ke ƙonewa sosai, a kansa kuma baƙin mai ke korar danshin da ya shige shi. Injin da aka cire wa tamostat kan daɗe da sanyi, musamman da asubar hunturu a Jos ko Zariya: fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi ya riƙa ci a hankali, shan mai ya ƙaru. Idan kuma motar na zafi da tamostat mai lafiya a jikinta, cire shi ɓoye ciwon kawai zai yi. A nemi dalilin a toshewar lagireto, ko sakin fanbel, ko fanka, ko famfon ruwa, ko murfin lagireto da ya daina riƙe iska, ko taimin da ya kauce.

Gwada shi ba ya buƙatar gareji. A ɗaure shi da zare, a rataya shi cikin tukunyar ruwa ba tare da ya taɓa gindinta ba, a ɗora a wuta. Kafin ruwan ya kai ga tafasa za a ga bakinsa ya fara buɗewa a hankali har ya wangame. In an tsamo shi ya huce, ya koma ya rufe ruf. Wanda ya ƙi buɗewa, ko ya ƙi rufewa, a sayo sabo.

Ƙanwar wannan magana ita ce ta ruwa: wai ruwan sanyaya inji mai launin kore ko ja na masu ƙanƙara ne, mu ruwan rijiya ya ishe mu. Gaskiya ne ruwa zalla ya fi gaurayen ɗaukar zafi, kuma ba mu da ƙanƙarar da za ta fasa inji. Sai dai hana daskarewa rabin aikinsa ne. Ɗaya rabin shi ne hana tsatsa, kuma nan ne 504 ta fi kowa buƙata. Gangar injinta ƙarfe ce, kanta na alminiyam ne, silif ɗin da fistin ke gudu a ciki kuma a tsome suke cikin ruwa kai tsaye. Ƙarafa mabambanta a ruwa guda suna cin juna, alminiyam ne kuma ke shan kashi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dafi irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, shi ke toshe siraran bututun lagireto. Wanda ya taɓa ɗaga kan injin da ya shekara goma yana shan irin wannan ruwan ya san abin da ake gani: hanyoyin ruwa sun zaizaye sun yi ramuka, jan laka ya cika gindin silif. Kashi ɗaya na maganin cikin uku, a haɗa da tataccen ruwa irin na batir, ya wadatar a yanayinmu. A kula, yana da zaƙi kuma guba ne, kada a bar shi a buɗe inda yara ko akuya za su kai baki.

Tunda an ambaci ɗaga kan inji: a 504, da zarar an cire shi, kada a juya injin sai an danne silif ɗin da ƙusa da wasa mai faɗi. In suka motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa zai sami hanyar shiga baƙin mai, aikin yini ɗaya ya koma sauke inji gaba ɗaya.

Ƙwai, garin kwaki ko garin taba a lagireto mai yoyo? Suna iya toshe ɗan ƙaramin rami su kai mutum gari na gaba, ba ƙarya ba ne. Amma ba sa bambance ramin yoyo da hanyar ruwa. Duk wanda ya yi haka, ya wanke lagireton ya kai a like shi da zarar ya isa.

A wajen baƙin mai, masu cewa tsohon inji na son mai kauri ba su yi nisa da gaskiya ba. Mai lamba 20W-50 ya dace da irin wannan injin a zafinmu. Inda aka wuce gona da iri shi ne zuba man giya, ko wani abu mai danƙo kamar zuma, don a kashe ƙara ko hayaƙi. Mafi yawan cin da inji ke yi yana faruwa ne a daƙiƙun farko bayan tayarwa, kafin mai ya hau sama, kuma iya kaurinsa iya jinkirinsa. Ƙarar da ta yi shiru ba warkewa ta yi ba. Haka nan baƙin da mai ke yi ba shi ne alamar mutuwarsa ba, dattin da aka sa shi ya kwasa ne ya kwasa. Abin dubawa shi ne in ya koma ruwan madara, alamar ruwa ya shiga, ko yana warin fetur. A canza shi da filtarsa a kan lokaci, ko da motar ba ta yi tafiya mai yawa ba.

Akwai kuma masu cewa fetur ɗin yanzu ne ke kashe tsofaffin motoci saboda an cire masa dalma. An cire ɗin kam: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da fetur mai dalma tun farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Dalmar tana kare mazaunin bawul, amma waɗanda suka fi cutuwa da rashinta su ne injuna masu kan ƙarfe da aka sassaƙa mazaunin a jikinsa. Masu kan alminiyam an dasa musu mazauni na daban mai ƙwari. Abin da ya kamaci mai 504 shi ne ya riƙa auna tazarar bawul da inji a sanyaye. In ta ɓangaren hayaƙi tana ta matsewa daga awo zuwa awo, to akwai magana. Kafur da wasu ke jefawa a tanki ba ya maye gurbin komai, sai dai ya bar datti a kafireto. Dalma kuwa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, ba abin kewa ba ce.

Biyu daga cikin al'adun masu gyaran wayoyin mota ba su da ko guntun gaskiyar. Na farko, cire kan batir inji na aiki don a ga ko yana caji. Batir ne ke shanye tsallen wuta. In aka zare shi, wutar na iya haurawa ta ƙone abubuwan cikin altaneta, a lalata lafiyayyen abu garin gwada shi. Ƙaramar mita mai araha ta isa: cikakken batir a zaune yana nuna wajen volt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Na biyu, naɗa waya ko takardar sigari a gurbin fis. An yi fis ne don ya ƙone a madadin motar. Wayoyin da suka shekara arba'in rigarsu ta bushe ta tsattsage, ga tiyon fetur a kusa. Yawancin tsofaffin motocin da suka ci wuta ba haɗari suka yi ba, daga irin wannan wajen abin ya tashi.

Batun birki ne ya fi tayar mini da hankali, don shi ba kuɗi kawai yake ci ba. Ana cewa in man birki ya ƙare, ruwan omo ko baƙin mai zai yi. Ruwa na tafasa a digiri 100, birki kuwa a doguwar gangara yana wuce haka da nisa. Da ya tafasa ya zama tururi, sai a taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Baƙin mai kuma kumbura robobin ciki yake yi har su ruɓe, sai an canza su duka. Ko man birkin na gaskiya ba ya dawwama. Masu lamba DOT 3 da DOT 4 suna tsotsar danshi daga iska: sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha danshi kuwa yana iya saukowa wajen 155. Shi ya sa ake juye shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. DOT 5 wani jinsi ne dabam, ba a gauraya shi da su. Mai buɗe tsohon birki kuma kada ya hure ƙurar da baki ko da iska, domin tsofaffin takalman birki da faifan kuloci da yawa da asbestos aka yi su. A jiƙa tsumma a goge.

Wasu na ganin ajiye mota a rufe da tamfol, ana tayar da ita minti biyar duk Juma'a, shi ne gata. Minti biyar ba ya kai inji ga zafin da zai kori danshi, sai ma ya tara ruwa a salansa, ya kuma rage wa batir abin da bai mayar ba. Gara a fita da ita a yi tafiyar rabin awa, birki da giya da kuloci duk su motsa. Bal-bal da totur kafin a kashe inji, wai don a bar fetur a kafireto, wanke silinda kawai yake yi. Kada kuma a taɓa barin inji na aiki a rufaffen gareji ko zaure, iskar da ke kisa a hayaƙin ba ta da wari. Taya ma tana tsufa a tsaye: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta mako ne da shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Zanen taya na iya zama kamar sabo alhali robar ta mutu.

Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, sabuwar magana ta shigo, ta mayar da mota mai amfani da gas. Masu cewa tsohuwar mota mai kafireto ba ta karɓar gas sun yi kuskure, tana karɓa. Za ta ɗan rage ƙarfi, taimin zai so gyara, bawul zai so a ƙara sa masa ido, nauyin tukunyar kuma zai zauna wa bayan motar. Ƙaryar da ke kisa ita ce cewa tukunyar gas ɗin girki, ko wadda mai walda ya haɗa, za ta yi aikin. Gas ɗin mota, wato CNG, ana matsa shi har wajen bar 200 a ma'aunin matsi, na girki kuwa yawanci bai kai bar 15 ba ko a tsakar rana. Motar da ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin cikin Oktoban 2024 tukunyar da ba ta ƙa'ida ba ce a jikinta. Canza filogi da kwantak, wanke kafireto, saita bawul, duk mutum zai iya a tsakar gidansa. Sa wa mota gas kam aikin cibiyar da aka tantance ne.

Wanda zai shiga ƙarƙashin motar kuma, kada ya yarda da jak shi kaɗai, kada ya yarda da bulon siminti, wanda ke fashewa ba gargaɗi. Salun ɗin 504 ta haura tan guda. A sa ƙafafun ƙarfe na tallafe mota a kan daɓe mai ƙwari, a ja birkin hannu, a sa giya, a datse tayoyin da ke ƙasa gaba da baya, a tura safaya ƙarƙashin gefen da aka ɗaga. Sannan a kama motar a girgiza ta da ƙarfi tun ana tsaye a waje.